Alajin gyaɗa ya tsananta bayan fara magungunan sauya jinsi: homon ne ko wani abu daban?

Ɗalibar_Famasi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman haske wurin likitoci da masana magani da ke nan. Akwai wata mai karɓar magani a kantin da nake koyon aiki a nan Ingila, baƙar fata ce, shekarunta 34, an haife ta namiji, wata takwas ke nan tana kan magungunan komawa mace. Abin da ke takardarta: ƙwayar estradiol (homon estrojin) 4 mg kullum, allurar triptorelin duk wata uku, ramipril 5 mg na hawan jini wanda ta shekara biyu tana sha, sai Utrogestan (homon projesteron) 100 mg da dare, wanda wani asibitin kuɗi ya ƙara mata wata biyu da suka wuce. Takan sayi ibuprofen saboda ciwon gwiwa bayan motsa jiki.

Tun tana ƙarama gyaɗa ba ta karɓe ta ba, amma iyakar abin ƙaiƙayin baki ne, ya lafa da kansa. Yanzu abu biyu sun faru cikin mako shida. Na farko, ta taso daga wurin motsa jiki ta ci tsire yanka uku, kafin minti ashirin borin jini ya feso mata a wuya da ƙirji, ta yi amai, numfashinta yana fita da ƙara. Ta sha maganin alaji cetirizine, da ƙyar abin ya sauka, ba ta je asibiti ba. Na biyu, ta tashi da safe leɓenta na sama ya kumbura ta gefe ɗaya, yana sheƙi, babu ja, babu ƙaiƙayi, kuma ta ce ba ta ci komai mai gyaɗa ba. Cetirizine bai taɓa shi ba, sai da ya kwana biyu.

Ita dai ta yanke cewa estrojin ne, tana son ta ajiye komai. Shin estrojin yana iya tsananta alajin abinci? Kuma me ya kamata a fara yi?

Likita_Alaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Madalla da yadda kika jero magungunan, domin amsar tana cikin jerin. A nawa karatun, abin da ya same ta sau biyu ba ciwo ɗaya ba ne, kuma idan aka haɗa su aka kira su "alaji ya tsananta", ɗaya zai sha magani ɗaya ya tsira.

Na farkon alaji ne na gaske, mai tsanani, wanda muke kira anafilaksis. Fata, ciki da numfashi duk sun shiga cikin minti ashirin. Yajin tsire kuwa da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, don haka gyaɗa ta ci, ko ta sani ko ba ta sani ba. Abin tambaya shi ne me ya sa abin da a da yake tsayawa a baki yanzu ya kai ƙirji. A nan estrojin yana da hannu da za a iya zargi. Ƙwayoyin mast, waɗanda ke ajiye histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da borin jini, a fata da hanji da huhu, suna da gurbin da estrojin ke kamawa, kuma a ɗakin gwaji an ga estradiol yana sa su saurin fashewa. Wani bincike na cibiyar NIAID ta Amurka da aka buga a 2015 ya nuna anafilaksis ya fi tsanani a ɓeraye mata, saboda estrojin yana ƙara wani sinadari da ke sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya fita, jini ya faɗi. Testosteron kuma yana danne wani ɓangare na garkuwar jiki da ke hura wutar alaji, ita kuwa allurar triptorelin aikinta ke nan, ta kashe testosteron. Abin da ake gani a mutane ya yi daidai da haka: kafin balaga yara maza sun fi fama da asma da alajin abinci, bayan balaga sai abin ya juya kan mata. Amma mu ajiye hujjar a inda take. Mafi ƙarfinta daga ɓeraye da ƙwayoyin gwaji ta fito, ba ta isa a nuna mutum ɗaya a ce lallai homon ɗinsa ne ba.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne abubuwan da ke rage yawan gyaɗar da jiki ke iya ɗauka a rana guda. Motsa jiki, rashin barci, giya, zazzaɓi, da magungunan ciwo irin su ibuprofen, aspirin da diclofenac. A binciken TRACE da aka yi a Ingila aka buga a 2019, motsa jiki kaɗai ya rage wannan iyaka da kusan kashi 45 cikin ɗari a masu alajin gyaɗa, rashin barci ma haka. Ibuprofen kuma yana sa bangon hanji ya ƙara barin furotin ya tsallaka cikin jini. Ga mutum ya taso daga motsa jiki, mai yiwuwa da ibuprofen a cikinsa, ga ramipril wanda ke hana jiki tayar da jini idan ya faɗi. Ko babu estrojin wannan haɗin ya isa.

Na biyun shi ya fi tayar mini da hankali. Kumburi ta gefe ɗaya, babu ƙaiƙayi, babu borin jini, ya tashi a hankali cikin dare, ya ƙi jin cetirizine, ya kwana biyu. Wannan ba aikin histamin ba ne, aikin wani sinadari ne da ake kira biradikinin. Ramipril da 'yan uwansa, lisinopril, enalapril, captopril, duk mai ƙarewa da "pril", suna toshe hanyar da jiki ke rushe biradikinin. Kumburin yana iya zuwa a makon farko, yana iya zuwa bayan shekaru ana shan maganin lafiya lau, kuma ya fi samun baƙaƙen fata ninki uku ko fiye. Estrojin da ake haɗiya yana bi ta hanta kafin ya shiga jini, ya sa ta ƙara sarrafa furotin ɗin da ake kira Factor XII, wanda daga shi ne ake fara ƙera biradikinin. Wato ɗaya yana ƙara ruwa a kwata, ɗaya ya toshe magudana.

Akwai kuma ciwon kumburi na gado, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin 50,000. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da estrojin ya shiga jikinsa. A tambaye ta: akwai wanda fuskarsa ko hannunsa ke kumbura haka kawai a danginsu? Akwai mai ciwon ciki mai tsanani da ke zuwa ya tafi, har an taɓa yi masa tiyata ba a ga komai ba? Akwai macen da abin ke tasar mata da ciki ko da ƙwayar tsarin iyali? Gwajin farko mai sauƙi ne: a auna furotin C4 a jini, da yawan furotin C1 inhibitor da kuma ƙarfin aikinsa. Sai dai akwai nau'in da aka bayyana a shekarar 2000 wanda waɗannan gwaje-gwajen ke fitowa lafiya, sai an duba ƙwayar gado ta Factor XII, kuma shi ne ya fi jin estrojin.

Abin da zan so a yi a wannan makon: likitan unguwarta ya tsayar da ramipril yau, ba gobe ba, ya musanya da wani kamar amlodipine. A rubuta mata alluran adirenalin guda biyu na ɗauka a jaka. Ta bar ibuprofen ta koma paracetamol. A tura ta asibitin alaji. A kuma gaya mata kumburin yana iya dawowa har makonni bayan barin ramipril, kada ta ɗauka ba shi ba ne.

Tsohon_Kemis ya amsa:

Likita ya gama magana a kan jiki, bari ni in yi a kan kwali. 'Yata, ɗauko Utrogestan ɗin, ki zaro takardar ciki, ki sauka sashe na 6 inda ake jera abin da aka haɗa maganin da shi. Za ki ga man sanfulawa, jelatin, da lesitin na waken suya. Koma sama sashe na 2, za ki ga gargaɗi ga mai alajin gyaɗa ko waken suya. A da man gyaɗa ne a cikinsa, daga baya aka sauya. Takwaransa na Amurka, Prometrium, man gyaɗa ne a ciki, kuma an rubuta ƙarara cewa mai alajin gyaɗa kada ya sha. Ya kamata wanda ya rubuta mata ya tambaya, ya kamata kuma kwamfutar kantinku ta yi ƙara. Idan ba ta yi ba, to ba a shigar da alajin a bayananta ba, a gyara wannan yau.

Homon ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ake narkar da shi a mai, kuma man ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga ƙarfi zuwa ƙarfi na magani ɗaya. Allurar estrojin ta Delestrogen ta Amurka mai 10 mg a kowace ml man riɗi ne, amma mai 20 da mai 40 man zurma ne. Depo-Estradiol man angurya ne. A ɓangaren masu komawa maza, Sustanon 250 man gyaɗa ne, sai dai a kwali "arachis oil" ake rubutawa, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Depo-Testosterone man angurya, Xyosted man riɗi, Nebido man zurma da benzyl benzoate. Irin wannan na ƙarshen, a Amurka sai an zaunar da mutum minti 30 bayan allura saboda tari da sarƙewar numfashi da ke iya biyo baya.

Amma kada a tsorata fiye da kima. Furotin ne ke tayar da alaji, ba man ba. A gwajin da aka yi a Ingila a 1997, an ba mutum 60 masu alajin gyaɗa tataccen man gyaɗa na masana'anta, ko ɗaya bai motsa ba, da aka ba su ɗanyen man sai shida suka motsa. Man magani tatacce ne, don haka ba shi ne farkon wanda zan zarga ba. Man gyaɗarmu na gida kuwa, wanda ake matsewa daga tunkuza, mai ƙamshin nan da gari-gari a ƙasan kwalba, shi ne ɗanyen. Man riɗi ya fi buƙatar taka tsantsan, domin sau da yawa ba a tace shi sosai.

Hanyar ganewa ita ce lokaci. Idan maganin ne da kansa, abin zai bi ranar shan sa ko ranar allura, cikin minti zuwa 'yan sa'o'i, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Allurar triptorelin ta wata uku tana ɗauke da carmellose da polysorbate 80, waɗanda jefi-jefi suke tayar da alaji, kuma carmellose ɗin nan shi ne E466 da ake sakawa a askirim da wasu abubuwan sha. Projesteron shi kansa yana iya jawo borin jini a wasu mutane, ba ruwan waken suya. Tun da abubuwan biyu sun faru ne bayan an ƙara Utrogestan, ni a ganina shi ne na farko da za a tattauna ajiyewa da mai rubuta mata, musamman da yake ba shi ne ginshiƙin maganin ba. Kuma ki cike katin Yellow Card na kai rahoton illar magani ga hukumar kula da magunguna ta MHRA, da irin waɗannan rahotannin ne ake gane abin da ke faruwa.

Wannan bayanin ba na masu sauya jinsi kaɗai ba ne. Matan da ke shan homon bayan ɗaukewar al'ada, da masu ƙwayar tsarin iyali, da samarin da ke sayen Sustanon a kemis don gina jiki ba tare da takardar likita ba, duk ya kamata su duba abin da aka haɗa maganinsu da shi.

Ɗalibar_Famasi ta sake rubutawa:

Na gode Likita, na gode Baba, Allah ya ƙara sani. Na duba, lallai ba a shigar da alajin gyaɗa a bayananta ba, an gyara. Saura abu biyu. Idan abin ya sake tasowa kafin ta ga likitan alaji, yaya za ta bambance wanda adirenalin zai yi wa aiki da wanda ba zai yi ba? Kuma in ta dage sai ta ajiye estrojin, me za a ce mata?

Nas_Gaggawa ta amsa:

Ƙanwata, kada ki ɗora mata aikin bambancewa. A lokacin da harshe ke kumbura ba a zaman tantancewa. Ƙa'idar da za ki ba ta guda ce: in murya ta dushe, in haɗiyar yawu ta yi wuya, in numfashi yana fita da ƙara, in jiri ya ɗebe ta, ta soka adirenalin ta kira lambar gaggawa 999. Idan biradikinin ne allurar ba za ta yi wani aikin kirki ba, amma ba za ta kashe ta ba. Idan anafilaksis ne aka jinkirta, shi ke kisa. Cetirizine da Piriton na ƙaiƙayi ne kawai, ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa tayar da jini.

Ki sa ta gwada da abin allurar na koyo, marar magani, a gabanki, kada ki miƙa mata kwali kawai. Ta damƙe shi a tafin hannu, kada babban yatsa ya hau kowane baki. Ta cire murfin tsaro, ta danna a gefen cinya ta waje, tsakanin ƙugu da gwiwa, ko ta kan wando ne, amma ta kauce wa ɗinki da aljihu mai waya. Cikin nau'o'in allurar, EpiPen ana riƙewa daƙiƙa 3, Jext daƙiƙa 10. Na manya 0.3 mg ne, mu a asibiti 0.5 mg muke yi a tsoka. In minti biyar ta wuce babu sauƙi, ta soka na biyu a ɗaya cinyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tashi tsaye. Ta kwanta rigingine a ɗaga ƙafafunta. In numfashi ya hana kwanciya, ta zauna ta miƙe ƙafa, amma kada ta miƙe, kada a taka da ita zuwa mota, ko da ta ce ta ji sauƙi. Jijiyoyi sun saki, jinin ya taru a ƙasa, tana miƙewa zuciya sai ta buga babu komai a cikinta. Kuma dole ta je asibiti ko ta warware, domin abin yana iya dawowa bayan sa'o'i.

In ta isa, ta faɗi sunan ramipril da estradiol tun a bakin ƙofa, kada kunya ko tsoron kallon mutane ya sa ta ɓoye. Ra'ayin kowa a kan sauya jinsi nasa ne, mu dai jerin magani muke buƙata cikakke, domin shi zai sa a yi tunanin magungunan kumburin biradikinin, icatibant ko C1 inhibitor, da wuri, a kuma kira mai sa bututun numfashi kafin hanya ta rufe. Ta roƙi a ɗebi jinin auna triptes, sinadarin da ƙwayoyin mast ke fitarwa, da zarar an samu dama, a sake cikin sa'a ɗaya zuwa biyu da farawar abin, kada ya wuce huɗu, sannan a ɗebi na kwatance bayan kwana ɗaya. In ya hau, ƙwayoyin mast ne suka fashe. Wannan jinin yana rage wa likitan alaji rabin aiki.

Alluran kada su kwana a mota, kada su shiga firji. Ta riƙa leƙa 'yar tagar da ke jikinsu, ruwan ya zama garau, in ya yi ruwan shayi a sauya. Ta kuma san inda gyaɗa ke ɓuya a abincinmu: yajin tsire, labun kilishi, miyar taushe, ɗatun zogale da rama, kunun gyaɗa da ake miƙo wa baƙo ba a faɗa ba. Dokar Ingila ta tilasta wa masu sayar da abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, amma abincin biki da na gidan 'yan uwa ba ya zuwa da takarda, sai ta buɗe baki ta tambaya.

Likita_Alaji ya sake amsawa:

Game da ajiye estrojin, ki nuna mata lissafin. Triptorelin ya riga ya kashe testosteron na wata uku, ba a zare shi daga jiki. In ta ajiye estradiol yau, za ta zauna babu homon ko ɗaya: zafin jiki mai tasowa, gumin dare, rashin barci, ƙuncin rai, in abin ya daɗe kuma ƙashi ya fara zaizayewa. Rashin barcin ma, kamar yadda na faɗa, yana ƙara rage iyakar gyaɗar. Kuma in ta ajiye komai rana ɗaya abin ya lafa, ba wanda zai san wane ne mai laifin.

Shi ya sa ake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ramipril da ibuprofen yanzu. Utrogestan bayan magana da mai rubuta shi. Sannan a auna estradiol a jini, jagorar Endocrine Society ta 2017 ta sa a tsaya tsakanin 100 da 200 pg/mL, wato kusan 370 zuwa 730 pmol/L a ma'aunin Ingila. In ya haura, a rage. Likitan homon yana iya mayar da ita daga ƙwaya zuwa filasta ko jel na shafawa, waɗanda ba sa bi ta hanta da farko, kuma suna riƙe homon a daidai maimakon ya hau ya sauka. In gwaji ya tabbatar da kumburin gado, to magana ta sauya, domin estrojin ta kowace hanya yana iya tayar da shi, sai likitan homon da na garkuwar jiki sun zauna tare sun duba maganin rigakafi.

Kafin ranar asibitin alaji ta riƙe ɗan littafi: abin da ta ci da sa'ar da ta ci, sa'ar kowane magani, ranar allura, motsa jiki, barcin daren, sannan ta ɗauki hoton duk wani kumburi da waya tun bai sauka ba. Ta tsayar da cetirizine kamar kwana biyar kafin gwajin fata, in ba haka ba gwajin zai fito babu komai alhali akwai. Ana ɗiga ruwan gyaɗa a hannu, a ɗan tsaga fata, a karanta bayan minti 15, kumburin da ya fi na kwatance da milimita 3 shi ne ya kama. A jini a nemi IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da alaji, na gyaɗa da na Ara h 2, wani furotin da ke cikin gyaɗa, shi ne ya fi nuna alaji mai haɗari. A haɗa da waken suya da riɗi, da kuma omega-5 gliadin na alkama in ta ci burodi tare da tsiren, domin akwai alajin alkama da ba ya tashi sai an haɗa da motsa jiki. Gwajin IgG da ake tallatawa a intanet, mai jero abinci ɗari a ce a bari, kada ta ɓata kuɗinta, abin da mutum ya saba ci kawai yake nunawa. Kuma kada ta gwada cin gyaɗa a gida don ta ga ko ramipril ne, wannan gwajin a asibiti ake yin sa, da nas a tsaye da adirenalin a cikin sirinji.